Kudancin Kano a Alƙaluman Marubuta: Tarihin Littattafan da Suka Cancanci a Yi Nuni da Su

1.0 Gabatarwa

Al'adar yi wa mai karatu nuni da littafi tsohuwa ce a ƙasar Hausa. A makarantun ilmi na zaure almajiri ba ya zaɓa wa kansa abin da zai karanta. Malaminsa ne yake duban ƙarfinsa, ya ɗora shi a kan Ƙawa'idi, daga nan Ahalari da Ishmawi, sa'an nan Iziyya da Risala, har in Allah ya yi masa baiwa ya kai ga Askari da Muhtasar. Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce ba a miƙa wa ɗalibi littafi shi kaɗai, sai an san abin da ya gabace shi da abin da zai biyo bayansa, kuma malamin da ya yi nunin shi ne ke da alhakin bayyana inda mawallafi ya tsawaita da inda ya taƙaita.

Manufar wannan maƙala ita ce bin wannan tsohuwar ƙa'ida wajen duba littattafan da suka cancanci a yi nuni da su ga mai son sanin tarihin kudancin Kano, watau ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Wannan yanki shi ne ƙofar Kano ta kudu. Hanyar Zariya ta ratsa Bebeji da Ƙiru, hanyar Jos kuma ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa, inda ƙasar Kano ta yi iyaka da Zazzau da Bauci. Saboda haka ne mashahuran littattafan da suka ambaci yankin galibi suka dube shi a matsayin hanya. Mai rubutu ko dai yana zaune a birni yana hango shi, ko kuwa yana bisa doki yana wucewa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan littattafai yana da daraja, amma darajarsa ba ta cika sai an haɗa shi da wani wanda ya ga abin da shi bai gani ba.

Batun yana da nauyi fiye da yadda ake zato. A cikin 2019 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa sababbin masarautu huɗu, aka sanya waɗannan ƙasashe a ƙarƙashin Rano, a cikin 2024 kuma aka soke dokar. A muhawarar da aka yi ta yi tsakanin shekarun nan kowane ɓangare da tarihi ya kafa hujja. Malamin da ke koyar da 'ya'yan wannan yanki yana bukatar sanin inda hujjojin suka fito, da wanda ya rubuta su, da kuma dalilinsa.

2.0 Rubutun Fada da na Malamai

Littafin farko da kowa ke ambata shi ne Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci ba tare da sunan mawallafi ba. Ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello (1882-1893). H. R. Palmer ya fassara shi da Ingilishi a cikin 1908, Hukumar Fassara ta Zariya kuma ta fito da shi da Hausa a littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a cikin 1933. Abu biyu ya kamata a faɗa wa ɗalibi kafin ya buɗe shi. Na farko, shekarun Miladiyya da ake jingina wa sarakunan, kamar 999 da ake ba Bagauda, lissafin Palmer ne da ya yi ta hanyar tara tsawon mulkin kowane sarki yana komawa baya. Na biyu, masana sun yi saɓani a kan lokacin da aka harhaɗa shi. Murray Last yana ganin aikin fadar Kano ne na shekarun 1880, M. G. Smith kuwa yana ganin an daɗe ana rubuta shi sarki bayan sarki.

Ko wanne ra'ayi aka ɗauka, littafin fada ne, kuma idonsa na kan gidan sarauta. Kudu ba ta fitowa a cikinsa sai in sarki ya nufe ta da yaƙi, ko kuwa yaƙi ya taso daga can. Ya faɗi yadda Sarki Yaji, wanda Wangarawa suka zo a zamaninsa, ya kai wa Rano farmaki a ƙarni na 14. Ya faɗi yaƙin Kananeji da Zazzau, da hare-haren Kwararrafa a zamanin Muhammadu Zaki da Kukuna da Dadi. Duk rundunonin nan ta wasu garuruwa suka bi, wasu manoma suka ciyar da su, amma mai tarihin bai ga dalilin tsayawa a kansu ba.

Abokin tafiyar wannan littafi shi ne Waƙar Bagauda, wadda aka rubuta da ajamin Hausa, Mervyn Hiskett kuma ya buga ta da sharhi a mujallar Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Landan a cikin 1964 da 1965. Jerin sarakunanta ya saɓa da na Tarihin Kano a wurare da dama, kuma Bagaudanta maharbi ne da ya sare daji, yunwa ta koro mutane suka taru a wurinsa. Bayan jerin sarakunan sai waƙar ta juya wa'azi a kan ƙarewar duniya. Amfanin karanta su tare shi ne ɗalibi ya gane tun da wuri cewa Kano ba ta da jeri ɗaya tak wanda kowa ya yarda da shi. Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a kawar. Tafkin Bagauda da ke ƙasar Bebeji aikin zamanin Gwamna Audu Baƙo ne (1967-1975), sunan kuma na girmamawa ne, don haka ba hujja ba ne a kan mazaunin Bagauda na tarihi.

Game da jihadi, littafin da ya fi cancanta shi ne Taƙyidul Akhbar na Alƙalin Kano Muhammadu Zangi, wanda ya rubuta a cikin 1868, Ibrahim Ado-Kurawa kuma ya fassara shi da Ingilishi tare da sharhi a cikin 1989. Tarihin Kano ya taƙaita ƙwarai a kan yadda mulkin Kutumbawa ya faɗi. Zangi shi ne ya ba da labarin hijirar jama'a zuwa Kwazazzabo da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya. A nan kudancin Kano ya shigo tsakiyar labari, domin masana tarihin jihadi suna ambaton Ƙiru a cikin mazaunan Sulluɓawa, jama'ar Malam Jamo, waɗanda daga cikinsu ne Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a cikin 1819. Daɗin daɗawa, Sarki Muhammadu Alwali, na ƙarshe a sarakunan Haɓe, bayan an ci shi a Ɗanyaya ya nufi Zazzau, daga bisani ya koma Burumburum, a nan aka cim masa aka kashe shi wajen 1807. Burumburum kuwa tana ƙasar Tudun Wada. Ke nan gidan sarautar da ya faɗi a nan ya ƙare, wanda ya gaje shi kuma yana da tushe a nan. Sai dai Zangi alƙalin daular da ta yi nasara ne, ya kuma rubuta shekara sittin bayan aukuwar abin, daga bakin waɗanda suka yi rinjaye. Wanda ke son ganin an jera ruwayoyin an auna su sai ya nemi Government in Kano na M. G. Smith, wanda aka buga a cikin 1997, bayan rasuwar mawallafinsa.

3.0 Idon Matafiyi

Shekara bakwai bayan hawan Dabo, wani baƙo ya kwana a Bebeji ya rubuta abin da ya gani. Hugh Clapperton ya sauka Badagiri a ƙarshen 1825, ya bi ta ƙasar Yarabawa da Bargu da Nufe da Zariya, ya iso Kano a watan Yuli na 1826. Ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827, baransa Richard Lander ya koma Ingila da takardunsa, aka buga su a Landan a cikin 1829. A cikin wannan littafi ne aka sami hoton Bebeji a matsayin babban gari mai ganuwa a tsakiyar fili, mai kasuwa da noma. Clapperton ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 20,000 da 25,000, ya kuma ce 'yan kasuwa ne masu danganta asalinsu da Barno da Wadai.

Darajar wannan shaida ita ce tana da rana da wata, kuma mai ba da ita ba shi da rabo a rikicin sarautar Kano. Abin da Tarihin Kano ya tsallake, watau kasuwa da gonaki da kamannin gidaje, shi ne ya ɗauke hankalin baƙon. Amma Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Clapperton da tafinta yake magana, cikinsu har da wani Bagobiri da Turawa ke kira Pasko. Adadin da ya bayar ƙiyasin ido ne na wanda ya yi zango ya tashi, ba ƙidaya ba. Sunayen garuruwa ma ya rubuta su yadda kunnensa ya ji, har mai karatu Bahaushe kan yi jim kafin ya gane garin da ake nufi. Saboda wannan ne ya fi kyau a yi nuni da bugun 2005 wanda Jamie Bruce Lockhart da Paul Lovejoy suka shirya daga ainihin rubutun hannunsa, domin sun bi zangon tafiyar sun daidaita sunayen.

4.0 Fatauci da Kuza

Abin da Clapperton ya gani a kwana ɗaya, manazarta na ƙarni na 20 sun bi diddiginsa. Littattafai uku da Madaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar sun cancanci a karanta su a jere. The Hausa Factor in West African History na Mahdi Adamu (1978) ya nuna yadda fatake da malamai suka yaɗa harshe da al'adun Hausa har Gwanja da Asante. Caravans of Kola na Paul Lovejoy (1980) ya tsaya a kan fataucin goro tsakanin 1700 da 1900, da ƙungiyoyin da suka riƙe shi, watau Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ya bayyana tsarin ayari, da aikin madugu da jagaba da uban dawaki, da yadda fatoma ke sauke baƙi ya tsaya musu a ciniki. Nigerian Groundnut Exports na Jan Hogendorn (1978) kuma ya nuna abin da ya faru bayan dogo ya iso Kano a cikin 1911: Turawa auduga suka sa rai, manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, kuma tsofaffin fataken goro ne suka zuba jari da basirar da suka sa cinikin ya kankama.

Rayuwar mutum ɗaya ta ɗinke waɗannan littattafai uku. Alhassan Ɗantata a Bebeji aka haife shi a cikin 1877, a gidan Agalawa, a nan kuma ya yi karatun allo. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, daga baya ya zauna a Kano ya zama babban mai sayen gyaɗa ga kamfanonin Turawa, kafin rasuwarsa a cikin 1955 kuwa ana lissafa shi a kan gaba cikin attajiran Afirka ta Yamma. Ɗalibin da ya karanta Clapperton sa'an nan ya karanta Lovejoy zai gane cewa Ɗantata bai faɗo daga sama ba. Garin da ya haife shi ya riga ya shekara hamsin ko fiye yana renon fatake. Abin lura game da Lovejoy shi ne ya dogara ƙwarai a kan hira da tsofaffin fatake da zuriyarsu, don haka muryar madugai ta fi fitowa bisa ta 'yan alaro da bayin da suka ɗauki kayan.

Can ƙuryar kudu kuwa, a Riruwai ta ƙasar Doguwa, arzikin ƙasa ne ya jawo ido. Mutanen Riruwai sun san haƙar kuza da narka ta tun kafin zuwan Turawa, wasunsu kuma suka yi ƙaura zuwa ƙasar Bauci suka kafa Riruwain Dalma. 'Yan siraran sandunan dalmar da suke ƙerawa suna yawo a kasuwanni, su ne Kamfanin Neja ya bi sawunsu a farkon ƙarni na 20 har ya gano arzikin da ke tsaunukan Jos. Capital and Labour in the Nigerian Tin Mines na Bill Freund (1981) ya buɗe da labarin waɗannan maƙera da yadda kamfanoni suka danne sana'arsu. Jos ce zuciyar littafin, Riruwai shimfiɗa ce kawai, amma shimfiɗar ta isa ta nuna wa ɗan Doguwa cewa kakanninsa sun riga Turawa sanin abin da ke ƙarƙashin duwatsunsu.

5.0 Zaman Bakin Iyaka

Hanyar da ta kawo arziki ita ce kuma ta kawo tsoro. Wajen 1846 Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa saboda saɓani da hukumar Kano a kan haraji, suka shiga duwatsun Ningi. Daga can, musamman a zamanin Ɗan Maje, Ningawa suka shiga kai hari kudancin Kano da gabashin Zazzau, har yaƙi da su ya cinye babban rabo na mulkin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi (1855-1882). Tarihin Kano ya ba da labarin fitar sarki da komowarsa. Kundin digiri na uku na Adell Patton, wanda ya gabatar a Jami'ar Wisconsin a cikin 1975, ya duba al'amarin daga ɓangaren Ningi. Wanda ya karanta su biyun zai fahimci dalilin da ya sa garuruwan wannan yanki suka yi ganuwa, ƙauyuka kuma suka riƙa matsowa kusa da su.

Amma yadda talaka ya ji abin a jikinsa, littafi biyu ne suka fi bayyana shi, ɗaya labarin gaskiya, ɗaya ƙagagge. Na farko shi ne Baba of Karo. Baba, wadda aka haifa a cikin 1877, shekara ɗaya da Ɗantata, ta girma a Karo kusa da Zarewa, yamma da Ƙiru, a bakin iyakar Kano da Zazzau da Katsina. Mary Smith ta rubuta labarinta daga bakinta a Giwa tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, Baba ta rasu a cikin 1951, aka buga littafin a cikin 1954, daga baya kuma aka fito da Hausarsa da sunan Labarin Baba. Danginta Barebari ne a asali, abin da ya yi daidai da maganar Clapperton a kan Bebeji. Ta faɗi zaman rinji da yadda iyayengiji da bayi ke raba lokacin noma, da harin mayaƙan Mai Sudan na Kwantagora, da yadda ake kama 'yan uwa a tara kuɗi a je fansa, da yadda bayi suka watse bayan zuwan Turawa. Ta faɗi aure da kishi da goyo da ƙawance da bori, abubuwan da babu mai tarihin fada da ya ɗauke su abin rubutawa. A cikin duk littattafan da aka ambata a nan, wannan ne kaɗai wanda mai maganar cikinsa mace ce, 'yar ƙauye, kuma 'yar wannan shiyya. Duk da haka ya kamata a tuna cewa tambayoyin Baturiya ne suka ja akalar hirar, kuma Baba 'yar masu bayi ce, ba baiwa ba.

Na biyu shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da R. M. East ya shirya a cikin 1933. Ba a rubuta shi a kan kudancin Kano ba, amma Maƙarfi, inda Makau ya zauna bayan an kore shi daga Kagara, tana dab da iyakar Kano, hanyar da ta kai yaron hannun Balarabe a birnin Kano kuma ita ce hanyar da ake magana a kanta. Hiskett ya fassara shi da Ingilishi a cikin 1967, Adamu Halilu ya mai da shi fim a cikin 1976. Galibi ana koyar da shi a darasin adabi, a tsaya a kan jigo da salo. In aka ɗora shi kusa da labarin Baba sai ya zama darasin tarihi, domin abin da marubucin ya ƙaga a kan uwa mai neman ɗanta, Baba ta ba da irinsa da sunayen danginta.

6.0 Ƙofar Bebeji, 1903

Ranar 29 ga Janairu 1903 rundunar Kanar Morland ta tashi daga Zariya ta nufi Kano, alhali Sarki Alu yana kan hanyar Sakkwato. Gari na farko da ya rufe mata ƙofa shi ne Bebeji, ranar 1 ga Fabrairu. Kyaftin Abadie, Razdan na Zariya, ya nemi a buɗe, aka ƙi, sai aka harba igwa ta fasa ƙofar, sarkin garin da wasu manyansa suka rasu a wurin. Garuruwan da ke gaba ba su sake tsayawa ba, ranar 3 ga Fabrairu kuma birnin Kano ya faɗi.

Asalin wannan labari a rubuce rahoton Gwamna Lugga ne ga hukumarsa a Landan, kuma rahoton mai neman wanke kansa ne, domin ya tura rundunar ba tare da cikakken yardar magabatansa ba. Concerning Brave Captains na D. J. M. Muffett (1964) ya bi takardun ya nuna wannan, ya kuma haɗa da hirar da ya yi da tsofaffin da suka ga yaƙin. Muffett tsohon jami'in mulkin mallaka ne, amma bai rufa wa Lugga asiri ba. The Kano Civil War and British Over-rule na Adamu Mohammed Fika (1978) ya sanya abin a mahallinsa. Ya nuna yadda Basasar Tukurawa da Yusufawa (1893-1895) ta raunana Kano shekara goma kafin zuwan Morland, da yadda a zamanin Sarki Abbas (1903-1919) aka yanka ƙasa gunduma-gunduma aka tura hakimai su bar birni su zauna a cikinsu. Wannan babi yana da muhimmanci ga duk mai muhawara a kan iyakokin masarautu, domin da yawa daga cikin iyakokin da ake ɗauka na kaka da kakanni ne, a wannan zamani aka shata su.

Da Hausa kuwa akwai Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, wanda hukumar NORLA ta buga a cikin 1958. Hausarsa mai daɗi ce, kuma shi ne ya gabatar da tarihin Kano ga ɗimbin 'yan makaranta da masu Yaƙi da Jahilci. Sunan littafin kansa ya faɗi inda mawallafin ya tsaya. Gandoki na Muhammadu Bello Kagara, ɗan gasar 1933 shi ma, ya buɗe da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa kafin ya shiga duniyar aljanu. Ba a neman ranar yaƙi ko adadin mayaƙa a cikinsa. Abin da ke cikinsa shi ne yadda zukatan waɗanda aka ci suka ɗauki abin shekara talatin bayan aukuwarsa.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tarihin kudancin Kano a warwatse yake cikin littattafan da aka rubuta don wata manufa dabam. Mai tarihin fada sarki yake bi, alƙali jihadi yake karewa, matafiyi Sakkwato ya nufa, gwamna kansa yake wankewa, manazarcin tattalin arziki kuma goro ko gyaɗa ko kuza yake bi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka malamin da zai yi nuni ya kyautu ya yi shi bibbiyu, ya kuma bi matakai irin na zaure. Ɗalibi ya fara da na Hausa, watau Kano ta Dabo Cigari tare da Tarihin Kano na cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, sa'an nan Shaihu Umar tare da Labarin Baba. In ya yi ƙwari sai a haɗa masa Zangi da Smith, Clapperton da Lovejoy, Muffett da Fika. A kowane mataki a tambaye shi inda mawallafi yake tsaye sa'ad da yake rubutu, da wanda yake rubuta wa.

Akwai aiki biyu da wannan jeri ya ɗora wa masana. Na farko fassara ne. Fiye da rabin littattafan nan da Ingilishi suke, alhali mutanen da ake ba da labarinsu da Hausa suke karatu. Shafukan Clapperton a kan Bebeji, da babin Freund a kan Riruwai, da bayanin Fika a kan kafa gundumomi, ba su fi ƙarfin ɗalibin digiri na biyu a sashen Hausa ba, kuma za su amfani malamin firamare a Ƙiru ko Doguwa fiye da yadda suke amfanar kantar laburare. Na biyu tattarawa ne. Madatsar Tiga, wadda aka gama a cikin 1974, ta tashi ƙauyuka ta sāke wa jama'a mazauni da sana'a, yaran da suka ga tashin kuwa yanzu dattawa ne. Haka nan jikokin maƙeran Riruwai, da zuriyar madugan Bebeji, da gidajen malaman da ke ajiye da takardun Larabci da ajami a cikin gafaka. Hirar da Mary Smith ta yi da Baba ba ta wuce 'yan makonni ba, Baba kuma ba ta ƙara shekara biyu a duniya ba bayanta. Da an jinkirta, da babu littafin. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, masu ita kuwa suna nan a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, suna jiran wanda zai zauna ya rubuta.